Tulun Man Guna Da Goggo Ta Bar Mani

Matan da sunka zo gaisuwar Goggo a Dandin Mahe, kaɗan ne sunka fara da kuka. Mafi yawansu sai su zauna bisa tabarma, su ce Allah ya jiƙanta, Allah ya ba mu haƙuri, sannan wata ta ce, "To yanzu wa za shi yi muna mai?" Sau huɗu na ji wannan magana kafin azahar. Ta ɓata mani rai. Mutum ya mutu, ana zancen miya.

Wata Bafulatana ta tako a ƙasa tun daga Horo Birni da kwalba naɗe cikin baƙin tsumma. Ta ce ran da ɗiyarta ta haihu Goggo ta aika mata da mai ba ta roƙa ba, ga kwalbar ta maido. Anka ce ta riƙe abinta. Ta ƙi. Ta ce, "Kwana uku na yi ina shanya ta. Kun san ba ta karɓar kwalba jiƙe." Sai ta ajiye ta bakin ƙofar ɗakin Goggo, kamar mai ɗakin za ta fito ta shinshina.

Akwai kuma wata tsohuwa daga Lambara, ita ma mai yin mai ce, sun fi shekara arba'in suna gasa da Goggo, kowace tana kushe hannun 'yar'uwarta. Ta shigo da sanda, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Tun muna 'yan mata nike jiran man wagga mata ya juya in yi dariya. Sau guda anka taɓa kushe shi, kuma ba laihinta na ba." Ta juyo ta dube ni. Matan da sunka san labarin sunka sunkuyar da kai.

Gaskiya ta faɗa. Wannan sau guda ni na jawo shi, kuma zan zo kansa.

Goggo yayar mahaifina ce. Uwata ta rasu ina shekara shida, mahaifina direba ne ba ya zama gida, sai Goggo ta ɗauko ni daga Shagari ta haɗa ni da ɗiyarta guda, wadda nake ce wa Yaya. Karatuna bai wuce aji uku ba. Yanzu na haye hamsin, albasa nake nomawa, bayana ya gaji, ba ni da ƙarfin yi wa kowa ado da magana. Abin da na gani shi zan faɗa, don na lura mutane suna saurin mantuwa, kuma ba ni son nan da shekara biyar a ce wata tsohuwa ce dai mai ƙuli-ƙuli.

Ba mace ce mai taushi ba. Ban taɓa jin ta ce mani sannu da aiki ba. Sunan da ta sa mani tun ina ƙarami Sarkin Gaggawa, kuma har na yi furfura ba ta canza shi ba, ko gaban matata da 'ya'yana. In ta ji daɗin abin da ka yi, sai dai ka ga miyarka ta fi ta kowa mai.

Tana yin man gujiya, tana yin na riɗi, kamar sauran mata. Amma abin da ya fitar da sunanta man guna ne. Guna wani ɗan kankana ne mai ɗaci, ba a cin namansa, 'ya'yan cikinsa ake so. Mansa ba shi da nauyi, yana da daɗi, tsofaffi da masu jego suna nemansa. Matsalarsa guda, ba ya jimiri. In zafi ya yi, makonni kaɗan sai ya juya, ya fara wari, in ka ci ya bar maka maƙaƙi a maƙogwaro. Shi ya sa mata da yawa ba su son wahala da shi. Na Goggo kuwa yakan kai wata kakar bai juya ba.

Na sha kallon yadda take yi. Sauran mata sukan soya 'ya'yan gunar har su yi ja. Ita sai dai ta ɗan nuna masu wuta. In an niƙo, ta dama da ruwan ɗumi, irin wanda za a yi wa jariri wanka. Sannan ta zagaya bayan madafa inda take da bishiyar gwanda, ta tsaga jikin ɗanyar gwanda da tsinken kara, ta tari farin nonon nan da ke ɗigowa a cikin ƙoƙo, ta zuba cikin ƙullun, ta juya, ta rufe. Shi ke nan, sai ta tafi wata hidima. Maƙwabta suna can suna tuƙi da taɓarya, gumi na zuba, ita tana zaune tana tsince shinkafa. Daga hantsi zuwa la'asar mai ya taso sama da kansa. Ta kwashe da ludayin duma, ba ta yarda ƙarfe ya taɓa shi ba, ta ɗora bisa garwashi. Sai ta kawo kunne kusa da tukunya.

"In shina magana, da sauran ruwa ciki," in ji ta. "In ya yi shiru, sauke shi. Ƙarin wuta bayan nan zalunci na."

Ajiya kuwa sai cikin tulu mai ƙaramin wuya, irin wanda ya sha mai shekara da shekaru har ya daina tsattsafo. Ta cika shi har wuya, ta ce kada a bar wa iska wurin zama. Ta rufe, ta liƙe da kakin zuma, ta binne rabinsa cikin rairayi bayan gadonta inda rana ba ta kaiwa. In ka zo saye da kwalba, sai ta shinshina ta tukuna. In fara ce mai nuna ciki, ta naɗe maka da tsumma. In ta ga ɗigon ruwa, ko kai wane ne ka koma gida. Ta taɓa korar matar mai gari a kan haka, kuma matar ta dawo washegari da busasshiyar kwalba tana dariya.

Ɗanɗanonta ma daban ne. Takan ɗiga mai a bayan hannu, ta lasa, ta rufe ido, ta jira. In ka yi magana ta ɗaga maka yatsa. Ta ce harshe yakan yi gaggawa kamar ni, maƙogwaro take jira.

To ga laifina. Ina wajen shekara talatin na sayi babur, kaina ya kumbura. Na ce wa Goggo ta daina jiran masu saye a gida, ni zan riƙa kai mata mai kasuwar Bodinga wurin masu masa. Sai ta ba ni ƙananan tuluna uku, ta ce kada in buɗe ɗaya sai ɗaya ya ƙare. Na fito waje na ce a raina, wa ke ɗaukar tulu bisa babur? Na sami wata babbar farar jarka, na ɗauraye ta da safen nan, ban jira ta bushe ba, na juye duka ukun. Ko rabi ba ta kai ba. Man yana ta kaɗawa a bayana har Bodinga. Na ajiye jarkar cikin rana wuni guda. Abin da ya rage na koma da shi ɗakina, mako na zagayowa na karɓo sabo wurin Goggo na ƙara bisa tsoho.

A kasuwa ta uku wata mai masa ta kira ni gaban mutane, ta miƙo mani guda mai zafi.

"Ci, ɗan Goggo."

Na ci. Kafin in haɗiye na ji maƙogwarona kamar an goga mashi ƙaiƙayi.

Ta ce, "Wanga shi na man da aka yabo har Sakkwato?"

Labari ya riga ni isa Dandin Mahe. Goggo ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mani sauƙi. Ta ɗiga daga jarkar a bayan hannu, ta lasa, ta tofar. Washegari da safe ta tono man da ta ajiye na cin gidanta na shekara, ta ce in tada babur. Ta zauna bayana rungume da tulu. Gida gida munka bi a Bodinga, duk wadda ta sayi man nan, Goggo ta karɓe shi ta ba ta mai kyau. Ko'ina abu guda take faɗi, "Laihin gidana na, ku yahe." Ba ta ambaci sunana ko sau ɗaya ba. Wanda ya lalace ta yi sabulu da shi, ta aiko wa matata.

Daga ranar ba ta ƙara barin hannuna ya taɓa tulunta ba. Shekara ashirin. Ina cin tuwonta, ina yi mata noma, ina kai ta asibiti. Amma ran da za a yi wa ɗakinta yaɓe, ina tsaye ta aika a kira maƙwabci ya fitar da tuluna. Na yi fushi na yi wata biyu ban je ba. Da na koma, abin da ta ce kawai, "Sarkin Gaggawa, ka rame."

Yaya tana da ɗiya, jikar Goggo ke nan, matar aure ce da 'ya'yanta, ta yi karatu mai zurfi, tana aiki Sakkwato a wani ɗakin gwaje-gwaje inda suke bincike kan man girki. Shekara uku da sunka wuce ta zo da wasu ƙananan kwalabe masu duhu, ta ce tana son ta auna man kakarta. Ina nan zaune. Ta yi wa Goggo bayani cewa a cikin nonon gwanda akwai wani sinadari da ke warware naman gunar, ya saki man ba tare da an gasa shi da wuta ba. Ta faɗi sunansa da Turanci, ban riƙe ba. Ta ce su a wurin aikinsu irin wannan sinadari daga ƙasar waje ake kawo masu shi, gari a cikin gwangwani.

Goggo ta ce, "Daga ina?"

"Daga ƙasar waje, Kaka."

"Ga ta nan bayan madahwa tana zubar da ɗiya, kaji na ci. Ku zo da mota ku ɗiba."

Jikar ta yi dariya, ta ci gaba. Ta ce irin man da ya fi amfanar jikin mutum, kamar na guna, shi ne iska ta fi saurin ci, kuma zafi da haske da ƙarfe duk suna taya ta.

Goggo ta gyaɗa kai. "Wanga kam an koya maki gaskiya. Shekara nawa kika yi kahin su hwaɗa maki?"

"Bakwai, Kaka."

"Da kin zauna nan da mako guda ya ishe ki, kuma da kin iya tuwo."

Inda sunka saɓa wuri guda ne. Jikar ta ce ba dole sai tulu ba, kwalba mai duhu cikin firji ma ta isa. Goggo ta ce, "Da wutar taku mai zuwa ran da ta ga dama?" Sannan ta karɓe kwalaben ta cika su da kanta har baki, don ta ga jikar tana barin sarari a sama. Bayan tafiyarta na ji Goggo tana faɗa wa maƙwabciya, murya ƙasa ƙasa, wai jikarta ta san sirrin mai fiye da duk matan garin. A gaban idonta dai ba ta taɓa faɗi ba.

Kakar bara ƙafafunta sunka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya. Duk da haka ta sa anka samo mata guna. Tana zaune bisa kujera tana ba da umarni, Yaya tana aiki, amma gwandar ita ta tsaga da hannunta, kuma ita ta saurari tukunya. Anka cika babban tulu, ta liƙe. Ina zaure ta aika a kira ni.

"Sarkin Gaggawa, ɗauki tulun ga."

Na tsaya ina dubanta. Na ɗauka ban ji daidai ba.

"Kurma ka zama? Ɗauka."

Na ɗauka a hankali kamar na riƙe jariri, na kai bayan gado na binne cikin rairayi. Ta ce, "Na masar arba'in ɗina na. Ba na uku ba, ba na bakwai ba. Kak ka bari a buɗe shi, ko don a leƙa. Ran da anka buɗe, a ƙare shi ran nan."

Na ce, "Goggo, bar wannan magana. Kuma ga Yaya nan, mi ya sa ni?"

Ta ce, "Yayarka tana jin kunyar mutane, kai ba ka ji. Kuma duk gidan ga kai kaɗai ka taɓa ɗanɗana abin da gaggawa ka yi ma mai."

Wata biyar bayan nan ta cika, tsakiyar bazara, ranar Talata da hantsi.

Ran sadakar uku mutane sunka fi yadda anka zata, man gujiyar da anka tanada ya ƙare. Baffa, ƙanen Goggo kuma ƙanen mahaifina, shi ne babba yanzu a gidan. Ya kira ni zaure ya ce a tono tulun.

Na durƙusa na ce, "Baffa, Allah ya ƙara maka girma, ta ce sai arba'in."

"Ni ma na san ta ce. Mamaci ba ya ganin baƙi, mu muke ganinsu."

"Baffa, ba za a buɗe ba."

Ya ce, "Kai? Kai da ka zubar mata da mutunci a Bodinga, yau kai ka tsaron mai?"

Na ce, "Awo, ni."

Anka nemo mai a maƙwabta. Ni kuma na sa wa ɗakin kwaɗo, na jefa mabuɗin aljihu. Kullum da safe kafin in tafi gona sai in taho daga Shagari, in yayyafa ruwa bisa rairayin daga gefe yadda take yi don ya riƙe sanyi, in kulle, in koma.

Zafin bana kowa ya san shi. Bayan kwana ashirin Baffa ya sake kirana, wannan karon da lallashi, kuma maganarsa tana da kan gado. Ya ce man ya kusa wata shida, man guna ne ba na gujiya ba. Ran arba'in mata za su zo daga Lambara da Bodinga da Horo Birni don sun ji labarin tulun. In anka buɗe gabansu ya juya, abin da za a tuna da ita na ƙarshe ke nan. A huda kakin kaɗan a ɗanɗana, in ya lalace a binne maganar a cikin gida. Yaya tana gefe tana share ido, ta ce, "Ƙanena, ko ɗigo guda."

Na fita waje na kira jikar a waya. Ba ta ɓoye mani ba. Ta ce a irin wannan zafi ba za ta iya rantsuwa a kan kowane man guna ba, har na kakarta. Amma in an huda, iska ta shiga, kuma sauran kwana ashirin sun ishe ta aiki. Ta ce, "Kawu, kai anka ba amana."

Na koma na ce masu a'a. Baffa ya daina amsa gaisuwata. Ana saura kwana biyu na ga Yaya ta ɓoye galan ɗin man gujiya bayan rumbu. Da ni ne ita da na yi haka. Amma ni na ɗauki tulun nan da hannuna, na ga yadda anka cika shi, na ga liƙin. Matar da ta yi shi ba ta taɓa kuskure da mai ba, ni na yi.

Ran arba'in da safe ƙullun masa ya tashi, tanda na bisa murhu, tsakar gida cike da mata. Tsohuwar Lambara ta iso da motar farko, ta zauna daf da ƙofar ɗakin, sanda tsakanin gwiwoyi. Na buɗe kwaɗo, na tone rairayi, na fito da tulun na ajiye a inuwa. Na ɓamɓare kakin. Ba wadda ta matso. Yaya ta juya baya.

Tsohuwar ta miƙo hannu. "Kawo nan. In ya juya ni ya kamata in hwara ji, na daɗe ina jira."

Na ɗiga mata a bayan hannu. Ta lasa, ta rufe ido. Baffa ya leƙo daga ƙofar zaure ya ce, "To?" Ta ɗaga mashi yatsa, ido a rufe, daidai yadda Goggo take yi.

Sai ta buɗe ido ta ce, "Kai, wagga mata ba ta da kunya. Ta mutu ma ba ta bari in huce ta."

A nan ne ta yi kukan da ba ta yi ranar farko ba. Ta share fuska da gefen mayafi, ta ture matar da ke gaban tanda da sanda, ta ce ba wadda za ta ƙona man nan tana raye. Ita ta toya masar da kanta, da ƙaramar wuta, tana zagin duk wadda ta ƙara itace.

Wajen azahar mai ya kusa ƙarewa. Baffa ya aiko a kira ni, ya miƙo mani wata 'yar kwalba ba tare da ya dubi fuskata ba. Ya ce in rage mashi kaɗan ya ajiye, na 'yar'uwarsa ne.

Na ce, "Baffa, ta ce ran da anka buɗe a ƙare shi."

Ya mayar da kwalbar aljihu ya ce, "Ita ta raine ka, ba shakka. Kawo mani masa biyar."

Kafin la'asar babu ɗigo. An kai masa masallaci, an kai makarantar allo, an ƙulle wa matan ƙauyuka cikin leda. Galan ɗin Yaya yana nan bayan rumbu ba a taɓa shi ba. Na ɗauki masa ta ƙarshe na goge wuyan tulun da ita, na ci, na rufe ido na jira kamar yadda anka koya mani. Ko ɗan maƙaƙi ban ji a maƙogwaro ba.

Tulun yana ɗakina a Shagari, a kife, a bushe. Tsohuwar Lambara ta ce in kawo mata guna da kaka, da ɗanyar gwanda daga bishiyar Goggo, kuma in zo da tulun da kaina, a ƙasa ko a mota, ban da babur.

Allah ya sanyaya makwancinki, Goggo, kamar yadda kika sanyaya wa man nan wurin kwanansa. Ya yafe maki kurakuranki, ya karɓi sadakar da kika tanada da hannunki. Mu da munka rage, Allah ya sa mu cika da imani.